Kawuna da Ƙasar Gidimuni da Na Dafa a Jamus

Ranar wata Talata da hantsi, ina tsaye a ɗakin gwaji da safar roba a hannu, waya ta yi ta ruri a aljihuna. Inna ce. Ba ta taɓa kirana a lokacin aiki ba, don haka tun kafin in ɗauka na san ba lafiya.

"Sai haƙuri," ta ce. "Kawunka ya cika da asuba. Har an kai shi."

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Na faɗi haka a baki, sannan na zauna a ƙasa a bakin ƙofa. Ina Jamus, shekarata ta uku ina karatun dokta a kan ƙasar noma. Mutumin da ya rene ni yana kwance a maƙabartar Damagaram, an riga an mayar masa da ƙasa, ni kuwa ko alwala ban yi ba.

Duk abin da na sani game da zaman makokin, a waya na ji shi. Inna ce ta riƙa aiko mini da saƙon murya, kamar mai ba da rahoto. Ta ce lungunmu na unguwar Birni ya cika har masu babur suka daina bi ta nan. Manoman Gidimuni, inda lambunsa yake, sun zo cikin mota guda, sun sauke rogo da rake a zaure. Wani tsoho Batube, daga mutanen sahara, da ba wanda ya san shi a gidan ya zo a rana ta biyu, ya yi addu'a, ya ce shekara talatin da wani abu rabonsa da marigayin, amma shi ne Bahaushe na farko da ya taɓa gaishe shi da harshensa.

"Kuma ba daidai ya faɗa ba," in ji tsohon. "Gaisuwar safe ya yi mini da la'asar. Sai na gyara masa, ya maimaita, na sake gyarawa. Haka muka zama abokai."

Amininsa kuwa, wani baduku da suka tashi tare a Birni, bai yi kuka ba, faɗa ya yi ta yi. Ya ce sun yi da Kawu ranar Alhamis zai zo karɓar takalminsa, ga takalmi an gama, mutum ya tafi ba sallama. Ya ajiye takalmin a gefen tabarma ya ƙi ɗauka. Matar Kawu, wadda muke kira Iya, ita ce ta sa mata dariya cikin hawaye. Ta ce, "Shekara arba'in da ɗoriya ban taɓa yin magana sau ɗaya ta wuce ba. In na ce abinci ya nuna, sai ya ce, wato kin ce abinci ya nuna. Yanzu wa zai maimaita mini?"

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don akwai abin da ke cina a rai da ban sami wanda zan faɗa wa ba.

Yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifina ya rasu ina shekara huɗu, dangin uba suka yi ta shawara a kan wanda zai ɗauke ni, Kawu ya zo ya saɓa ni a kafaɗa ya tafi da ni, shawarar ta ƙare a nan. Bai taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba, allo kawai ya yi. Shofer ne na babban kamiyo, motar ɗaukar kaya, ya yi shekaru yana bin hanyar Agadas zuwa Sabha ta ƙasar Libiya, wani lokaci ya gangara Kano ko Maiduguri. A hanya ya tsinci Barbarci da Larabcin Libiya da ɗan Tubanci da Buzanci, da wani irin Faransanci mai karyayyen ƙafa da yake faɗa da ƙarfi ba kunya. In ya ga baƙo, kafin ya tambayi sunansa sai ya ce, "Yaya kuke ce wa ruwa?" Da gwiwa ta fara ba shi wahala ya ajiye tuƙi, ya koma lambun da ya gada ta wajen uwarsa a bakin tafkin Gidimuni. Rabin mako can, rabi a Birni.

A lambun nan na fara ganin yana ɗanɗana ƙasa. Zai tsuguna ya ɗebo da yatsa, ya taɓa a harshe, ya tofar, ya ce wannan bana za ta yi albasa, waccan kuwa kanwa ta ci ƙarfinta, a bar ta. Ina yaro ina ganin abin ƙazanta ne. Da na girma na gama jami'a, na sami gurbin bincike a Jamus a kan yadda kanwa ke kashe lambunan fadama, ni da shi muka haƙa ramukan farko. Lambu goma sha biyu, rami arba'in. Shi ne ya shawo kan masu lambunan, don ni da na zo da kaye da bik na rubutu sun ɗauka gwamnati ce ta aiko a auna gonakinsu.

Na tafi ina ganin kaina mai harshe. Faransancina ba na wasa ba ne, tun ina ƙarami mushe, wato malaminmu, ke sa ni karatu a gaban aji. Na sauka na tarar ba wanda ya damu da shi. A ɗakin gwaji Ingilishi ake yi, wanda na koya a takarda ban taɓa jin sa a bakin mai sauri ba. A titi da kanti da buro, wato ofis, kuwa Jamusanci ne. Na zama kurma mai digiri biyu. A taron mako, in aka yi dariya ni ma sai in yi, ban san me aka ce ba. In aka tambaye ni, kafin in gama juya amsar daga Hausa zuwa Faransanci zuwa Ingilishi, an wuce wurin. Wata huɗu ban faɗi jimla uku a jere a gaban mutane ba. Da tsakar rana kowa ya buɗe abincinsa ya ci shi kaɗai a gabanka, ba wanda zai ce bismilla. Ranar farko na jira a yi mini tayi, na tashi da yunwa da haushi. Da na miƙa wa wani nawa, ya dube ni kamar na ba shi aiki.

Mai kula da bincikena farfesa ce, mace, ta kusa sa'ar Inna. Ranar da muka haɗu ta ce in riƙa kiranta da sunanta gatsau. Bakina ya ƙi. Na yi wata da watanni ina zagaye, in zan yi mata magana sai in yi gyaran murya. In tana magana kuwa, kaina a ƙasa, kamar yadda aka koya mini a gaban manya, kowace jimla ina cewa to.

Sai ranar akwatin ɗumi. Akwai ƙananan halittu a cikin ƙasa da ido ba ya gani, su nake son in auna numfashinsu, don haka sai a ajiye ƙasar a ɗumi daidai gwargwado na kwanaki. Mai kula da na'urorin wani dattijo ne mai ƙarancin magana, Ingilishinsa bai fi nawa ba. Ya nuna mini akwatin, ya faɗi lambar zafin da Jamusanci. Su kuwa in za su ce ashirin da biyar, biyar suke fara faɗa, sannan ashirin. Na ji biyar na rubuta, na ji biyu na rubuta a bayanta. Ya ce na gane? Na ce na gane. Ya sake tambaya. Na ce to. Na saita akwatin a hamsin da biyu, na zuba ƙasar ramuka arba'in, duka, ban rage ko cokali ba.

Kwana goma ina aunawa ina ganin lambobi suna faɗuwa, ina murna wai na gano wani abu. Dattijon ne ya zo wucewa ya dafa akwatin, ya janye hannu, ya duba lambar. Bai yi faɗa ba. Ya cire tabarau ya goge, ya tafi ya kira farfesa.

A buronta ta zaunar da ni, ta yi magana a hankali don in ji kowace kalma, kuma na ji.

"Kuskure kowa na yi," ta ce. "Abin da ya dame ni, an tambaye ka sau biyu ka ce ka gane. Ni ma kullum haka kake ce mini. Ba ka kallona in ina magana. Ban san lokacin da e ɗinka yake nufin e ba. Ban san ko ɓoye mini wani abu kake yi ba."

Ta ce nan da wata shida za ta rubuta wa masu ɗaukar nauyin karatuna rahoto, kuma ba za ta rubuta abin da ba ta gani ba. Ina sauraro, idona a kan takalmina, na ce to. Har yau in na tuna wannan to ɗin sai in ji kamar in mari kaina.

Da la'asar na kira Kawu. Yana lambu, ina jin ƙarar injin ban ruwa a bayansa. Na kwashe labari na faɗa masa, na ƙare da cewa gida zan dawo, mutanen nan ba su da mutunci, harshensu ma a juye yake.

"Wato ka ce ka dafa ƙasar," ya ce.

"Kawu, ba abin dariya ba ne."

Ya yi dariyar har da tari. "Biyar da ashirin? Ai Larabawa ma haka suke ƙirga. Sati na farko a Sabha na san wannan. Ka sauke Alƙur'ani, ba ka lura ba?"

Na ce ban lura ba.

Sai muryarsa ta canza. "Ɗan nan, ba harshensu ne ya kayar da kai ba. To ɗinka ne. Mutum ya tambaye ka sau biyu, me ya rage masa? Ya buɗe kanka ya duba?"

"Kunya nake ji, Kawu. Kullum ni ne ban gane ba."

A nan ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba. Tafiyarsa ta biyu a sahara, wani Batube ya kwatanta masa inda rijiya take, da hannu da kalmomin da bai sani ba. Akwai mutane a bayan kamiyo suna kallo, shi kuma matashi ne mai ji da kansa, sai ya gyaɗa kai. Suka yi kwana biyu suna yawo, ruwa ya ƙare, wata tsohuwa a cikin fasinjojin ba ta kai ba. Shi da hannunsa ya haƙa mata kabari a rairayi.

"Tun ranar," ya ce, "ko matata ce ta ce mini ga ruwa, sai na maimaita. A yi mini dariya. Na gwammace a ce wawa ne da in sake haƙa wannan rami. Kai ƙasa kawai ka kashe, ka gode Allah. In za ka dawo ka dawo, ɗakinka na nan. Amma kada ka zo ka ce wa uwarka Jamusawa ne suka kore ka."

Na ce ko na zauna ma ba ƙasar da zan yi aiki da ita, kuma ba halin zuwa gida kafin shekara ta zagayo.

"Ramukan sun gudu ne?" ya ce, ya kashe waya.

Lokacin bazara ne, zafin da ko akuya ba ta barin inuwa. Tsohon nan mai ciwon gwiwa ya bi lambu goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, ya sake haƙa rami arba'in a gefen na farko. Kowane rami sai ya kira ni. "Wato ka ce taƙi ɗaya a leda ɗaya, taƙi biyu a wata leda." In ce haka ne. "Wato ka ce kada rana ta taɓa ta." In ce haka ne. Wani mai lambu ya hana shi, ya ce bara an ɗiba bana kuma an dawo, sayar da ƙasarsu ake yi wa Nasara. Kawu ya zauna a gindin dabinon mutumin tun safe har azahar, yana taya shi tsinke albasa, bai sake tada maganar ba, har mutumin ya gaji ya miƙo masa fartanya. Iya ta gaya mini daga baya, sati biyu da gama aikin a zaune yake salla. Shi bai taɓa faɗa mini ba.

Wani malamin jami'a na can gida da muke aiki tare ya yi takardun fitarwa, ƙasa ta iso. Muka buɗe kwalin ni da dattijon na'ura, sai ga kowace leda da rubutu a jikinta, da ajami. Kawu bai iya boko ba, na kuwa manta ban yi tunanin haka ba. Ya rubuta sunan mai lambu, da zurfin rami, ya kuma ƙara abin da ban tambaya ba: wannan laka ce, wannan geza ce mai tauri, wannan farar kanwa ta fara hawa, wannan jar kanwa ce kada ka sa rai.

Dattijon ya juya leda sama, ya juya ƙasa. Ya dube ni, ya faɗi wata magana da Jamusanci. Na ce masa, da karyayyen Jamusancina, "Ban gane ba. Sake faɗa, a hankali."

Ya sake. Cewa ya yi, yau shi ne bai iya karatu ba, in karanta masa. Na karanta, ya maimaita, ya kasa furta geza, na gyara masa. Da muka zo saita akwatin, ya faɗi lambar, na ce, "Wato ka ce biyu, sannan biyar," na rubuta a takarda na nuna masa. Ya ɗaga babban yatsa. Daga ranar, in zai ci abinci sai ya turo mini rabin tuffa ba tare da ya ce komai ba.

Maganar ido ma Kawu ne ya warware ta. Ya ce a Sabha ɗan sanda ya taɓa tsare shi rabin yini don ya sunkuyar da kai, wai mai gaskiya ba ya kallon ƙasa. "Ladabin garinku a garinku yake ladabi," in ji shi. "In idonta ya yi maka nauyi, kalli tsakanin girarta, ba za ta bambance ba. Sunan kuwa, ka gaya mata gaskiya. Ka ce a wurinmu ba a kiran sa'ar uwa da suna." Na yi kwana uku ina haddace jimlolin. Na shiga na faɗa mata, ina kallon tsakanin gira. Ta ce me ya hana ni faɗa tun farko? Ta tambayi me muke ce wa mace mai koyarwa. Na ce Malama. Ta ce to ita ce Malama. Har ɗaliban da ba su san inda Nijar take ba suka koma kiranta haka. Abin da ya hana ni barci wata takwas, a minti biyar ya ƙare. Ban ji daɗi ba a ranar, haushin kaina ne ya kama ni.

Rahoton wata shida ya fita lafiya. Amma kada a ɗauka daga nan komai ya miƙe. Har na gama ban daina jin an yi dariya an bar ni a baya ba. Akwai taron da na tsaya gaban mutum ɗari, wani ya yi tambaya da irin Ingilishin da ban taɓa ji ba, na ce ya maimaita sau uku, a na ukun ya ce a bar shi. Na sauko ina jin kamar a tsaga ƙasa in shige. Na gaya wa Kawu, ya ce, "Sau uku kawai? Shi ya gaji, ba kai ba."

Faɗanmu ɗaya da shi, kuma shi ke da gaskiya. A shekara ta biyu na zo gida aikin fili, na zo da babin da na rubuta a kan abin da manoma suka sani. Muna zaune a zaure bayan azahar ya ce in karanta masa, in mayar da Hausa. Na fara. Na zo inda na rubuta cewa manoman yankin sun yi imani ƙasarsu iri biyu ce, mai kyau da mai gishiri.

"Tsaya. Wato ka ce imani muka yi."

"Haka ake rubutawa a irin wannan aiki, Kawu."

"In injinku ya faɗa, me kuke rubutawa?"

"Sai mu ce bincike ya nuna."

"Injin ya nuna, ni kuma na yi imani. Jar kanwar da na ce kada ka sa rai, me injin ya ce?"

Na ce abin da ya faɗa ne ya fito.

"Kuma iri biyu? Na ba ka suna shida, ka kai biyu. Ina sauran huɗun?"

Na ce Ingilishi ba shi da kalmominsu. Na ƙara da abin da har yau nake nadama. Na ce masa aikin kimiyya ne, ba hirar lambu ba, akwai abin da ba zai gane ba.

Ya ce, "Ka je can ka yi shekara ba ka jin magana, ka san zafin abin. Shi ne ka dawo ka toshe mana baki a cikin littafinka." Ya tashi ya shige gida.

Kwana biyu bai ci abinci da ni ba, ni da tun ina shekara huɗu kwanonmu ɗaya. Iya ce ta same ni a tsakar gida ta ce, "Kai ma ka san ba zai kira ka ba. Ɗauki takardunka ka bi shi lambu." Na bi shi Gidimuni. Na durƙusa na ba shi haƙuri. Bai amsa ba, sai ya miƙo mini ƙasa a tafin hannu ya ce in ɗanɗana. Na ɗanɗana. Ya ce mene ne? Na ce ban sani ba. Ya ce, "Madalla. Zauna." Muka yi kwana huɗu yana faɗa ina rubutawa ina maimaita masa.

Na koma ina shirin yaƙi da Malama a kan sai an bar kalmomin Hausa shida a cikin aikin yadda suke. Ba yaƙin da aka yi. Ta karanta ta ce wannan ne babi mafi ƙarfi, ta tambayi dalilin da na ɓoye shi a baya. Ni ne dai kuma. Ni na yanke wa kaina cewa ba za su so ba, ban tambaya ba.

Ga abin da ke cina. Da za mu buga sakamakon a mujallar masana, na so a sa sunan Kawu cikin marubuta. Malama ta yarda. Amma shafin da ake cikewa ba ya wucewa sai an rubuta jami'ar da mutum yake aiki da adireshinsa na intanet, kuma sai shi da kansa ya amsa saƙo ya tabbatar. Na rubuta musu wasiƙa, suka amsa da ladabi cewa ƙa'ida ce. Lokaci ya ƙure, na gaji, na bari. Takarda ta fito da suna huɗu a sama, biyu daga ciki ba su taɓa ganin Gidimuni ba. Sunansa yana can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, a layin godiya, tare da kamfanin da ya ɗauko kwalin. Da ya tambaye ni a waya, na ce an sa sunansa.

"Wato ka ce an sa sunana."

Na ce e. Ya ji daɗi, ya gaya wa baduku, baduku ya gaya wa duk Birni. Wata biyu bayan haka ya rasu, ban gyara maganar ba.

Ranar da Inna ta kira, da na iya tashi, na tafi buron ma'aikata neman izinin tafiya. Matar da ke wurin ta yi mini ta'aziyya, ta fito da takarda. Akwai gurbin uba, da uwa, da mata, da ɗa. Ta tambayi wane ne ya rasu. Harshensu kalma ɗaya gare shi ga kawu da baffa da mijin gwaggo, na faɗe ta. Ta ce ayya, wannan ba ya cikin dangi na kusa. A shekarar farko da na ce to na fita. Wannan karon na tsaya, na kalle ta, na ce mata da Jamusancin da ya sa na koya, "Shi ya rene ni. A wurinmu uba ne. Takardarku ce ba ta da wurinsa." Na ga idonta ya kawo ruwa. Ta ce ta gane, kuma na yarda ta gane, amma takardar ba ita ta rubuta ta ba. Malama ta ce in tafi kawai, ita za ta ji da sauran. Sai ga wata matsalar: katin zamana yana wurin sabuntawa, in na fita ba zan iya komowa ba, ranar karɓa da aka ba ni kuwa saura mako shida. Na yi waya, na rubuta, na je na yi layi. Kowa ya saurare ni, kowa ya gane abin da na ce sarai. Ban taɓa yin Jamusanci mai kyau irin na makon nan ba, kuma bai buɗe mini ko ƙofa ɗaya ba.

Da katin ya fito makoki ya riga ya wuce, na tsaya ƙarasa aiki. Sai bayan wata bakwai na taka Damagaram, na kare aikina, an ba ni dokta, damina ta wuce. Washegari da safe baduku ya raka ni maƙabarta. Yana tafe yana ƙirga daga wata bishiyar aduwa, ya tsaya, ya koma baya, ya sake ƙirgawa. Ruwan bana ya yi yawa, ya kwantar da kaburburan layin, itacen da aka kafa ya tafi, ciyawa ta rufe sauran.

"Nan ne," ya ce. Ya matsa taku biyu. "Ko kuwa nan." Ya dafa baki. "Wallahi ni na sa shi da hannuna. Cikin ukun nan ne dai, ɗana. Ka yafe mini, ban gane ba."

Na ce ba komai, Baba. Na tsuguna a tsakiyar ukun. Na gaya wa Kawu gaskiyar inda sunansa yake a takardar, da Hausa, da ƙarfi yadda baduku zai ji, don a gyara labarin a Birni. Sannan muka ɗaga hannu muka yi wa duka ukun addu'a, shi da maƙwabtansa biyu da ban san ko su wane ne ba.

Allah ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya masa ƙasar da ke kansa. Ka jiƙan tsohuwar da ya binne a rairayi. Mu da muka rage, ka ba mu ikon faɗin gaskiya tun masu jin ta suna raye. Amin.